Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kira sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma sunan kakanmu na wajen uba aka sa masa, wato surukinta, don haka kunya biyu ce ta haɗu a kan mutum ɗaya. Idan magana ta kama dole sai ta ambace shi, sai ta ce "wancan", ko "na Gwaggo", domin Gwaggonmu, ƙanwar Baba, ita ta ɗauke shi tun daga yaye ta riƙe shi har ya girma. Akwai wani mai sayar da kifi a unguwarmu a Argungu da ya yi rashin sa'ar zama takwaran Yaya. Shekara da shekaru Inna na ciniki da shi, amma sunansa a bakinta "kai mai kwando". Bawan Allah ya daina yawo da kwando, ya sayi babur da akwatin ƙanƙara, duk da haka bai tsira ba.

Mu sauran 'ya'yan ba mu samu wannan gata ba. Ni da nake auta, sunana ya sha wuya a bakin Inna. Takan kwaɗa shi daga madafa har masu wanki a bakin gulbi su san an aike ni ban dawo ba.

Yaya ya tafi karatu ƙasar Turawa, ya samu aiki, ya yi aure, Allah Ya ba shi yara. Daga baya takardun zamansa suka shiga wani hali, aka ce idan ya fito kafin a daidaita su, ba zai samu komawa wurin iyalinsa ba. Haka ya maƙale. Baba ya rasu yana can. Gwaggo ta rasu yana can. Duka biyun a waya ya yi kukansa. Inna kuma ƙafa ta fara matsa mata, sanda ta shigo gida. Ba wanda yake furtawa, amma kowa a gidanmu ya san abin da ake jin tsoro: kada a yi na uku yana can.

Abu ɗaya ya rage a takardun, shaidar haihuwa. A gida aka haife shi, a hannun ungozoma, kuma sai da zai shiga makaranta aka tuna da zancen takarda. Kawunmu ya je kotu ya yi rantsuwa, aka aika, mutanen can suka ce tunda uwa na raye daga bakinta suke so su ji. Ba sai ta je ba. Akwai lauyar da hukuma ta amince da ita a can, za ta kira ta bidiyo, ta ga Inna ido da ido, ta ji maganarta, ta ga sa hannunta, ta buga hatimi.

Yaya ne ya kira ni ina gidana a Badariya cikin Birnin Kebbi, na dawo daga makarantar da nake koyarwa.

"Auta, abu na mai sauƙi," in ji shi. "Za ta hwaɗi sunanta, ta ce ita ta haihe ni, ta hwaɗi sunana, ta dangwala hannu. Shi ke nan."

Mu duka biyu mun san inda gizo ke saƙar. Can sai ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Bar ni da ita," na ce. Ni da nake lallaɓa yaran aji su haddace abin da ba sa so, tsohuwa ɗaya ce za ta gagare ni?

Da na kira Inna ban taɓo zancen suna ba. Na ce mata dai ranar kaza lauya za ta yi mana shaida a kan takardun na Gwaggo, ta shirya. Ta ce to.

Ta kuwa shirya. Ranar na shiga mota da sassafe zuwa Argungu, kwamfutata a jaka, takardar da aka turo na bugo ta, har da tawadar dangwale. Ɗan kabu-kabu na sauke ni a ƙofar gida na ga takalma jere kamar ranar suna. A tsakar gida an shimfiɗa tabarmi. Ga liman, ga Kawu, ga dattawan layinmu, ga matan maƙwabta a gefe sun sha lulluɓi. Ƙamshin miyar kifi ya cika ko'ina.

"Inna, mi na na wanga?"

"Ba ke kinka ce shaida za a yi ba? An taɓa shaida ba mutane?" Ta nuna wata sabuwar darduma da aka ajiye wa kwanon tuwon shinkafa a rufe. "Can baƙuwar za ta zamna."

Na ce baƙuwar tana cikin kwamfuta. Ta ce ta sani, ai ba yau ta fara ganin waya ba, amma baƙo baƙo ne. Sai da na ɗora kwamfutar a kan dardumar, kusa da tuwon, sannan hankalinta ya kwanta. Sabis kuwa ya ƙi wurin. A gidanmu wuri ɗaya yake zama, gindin rumfar da ake shanya albasa. Can muka kifa turmi muka ɗora kwamfutar a kai, tuwon ma aka biyo ta da shi.

Da lokaci ya yi fuskoki uku suka fito, kowace a akwatinta. Lauyar, wata dattijuwar Baturiya mai tabarau da furfura. Tafinta, wani Bahaushe mai 'yar ƙasumba da aka ɗauko don ya fassara tsakaninsu. Sai Yaya a ƙasa, ya sa farar riga da hula kamar mai zuwa Idi. Inna na ganinsa ta kau da kai, ta sami wata akuya da ke ɗaure a gefe ta zuba mata ido.

Tafinta ya yi sallama ya gaishe ta. Kalma kaɗan ya yi ta kama shi.

"Kai, Bakatsine na kai?"

"Ƙwarai kuwa, Hajiya."

"To magana ta lalace. An rasa wanda za a ba amana sai wanda bai san kihi ba sai cikin hoto?"

Tsakanin mu Kabawa, mutanen Kebbi, da Katsinawa akwai wasa tun na kakanni, kuma Inna ba ta barin bashi a wannan fage. Shi ma ya buɗe baki zai rama, sai lauyar ta tambaye shi me aka ce. Ashe ya riga ya yi rantsuwa zai fassara duk abin da aka faɗa, ba ragi ba ƙari. Muna kallo bawan Allah ya juya ya gaya wa Baturiya da bakinsa cewa mutanen garinsu ba su san kifi ba. Na ga kafaɗun Yaya na rawa don dariya.

Daga nan lauyar ta ce a juya kwamfutar ta ga wurin da Inna take. Na ɗauka na zagaya da ita. Jama'a suka gyara zama, liman ya ɗaga hannu, mata suka yi ta "sannu da zuwa". Lauyar ta ɗaga musu hannu ita ma, sannan ta ce kowa ya fita. Dokarsu ke nan, mai rantsuwa shi kaɗai ake bari, don a tabbata ba wanda ya tilasta shi.

"Su hita?" in ji Inna. "Wace irin shaida ta wagga da aka korar mutane? Abin kunya za mu yi?"

Liman mutum ne mai sauƙin kai. Ya miƙe ya ce kowace ƙasa da tsarinta, ya ja dattawa zuwa zaure, aka bi su da kwanuka. Mata suka fita suna waiwaye. Ni ma aka ce in fita, na fita har bayan buhunan albasa na tsuguna. Akuyar ce kawai doka ba ta hau kanta ba.

Aka ce Inna ta ɗaga katinta na ɗan ƙasa kusa da fuskarta. Ta ɗaga tana mita, wai ranar da aka ɗauki hoton ta yini a layi, shi ya sa ta fito kamar wadda aka ci wa gona. Lauyar ta duba kati, ta duba Inna, ta ce kamar ta fito sosai. Aka ce za ta rantse cewa gaskiya za ta faɗa. Inna ta ce ba ta rantsuwa ba alwala, ta ɗauki sandarta da buta ta bar mutum uku a ƙasashen duniya suna kallon akuya.

Da ta dawo komai ya tafi daidai. Ta faɗi sunanta, da na ubanta, da garinsu. Har na fara yabon kaina a bayan buhu.

"Hajiya," in ji tafinta, "ta ce kin san mutumin da ke cikin akwatin nan na ƙasa?"

"Na san shi."

"Mene ne sunansa?"

"Shi bai san sunanshi ba? Ga shi nan zamne, a tambaye shi mana."

"Daga bakinki ake so."

Inna ta miƙa ɗan yatsa wajen kwamfutar ba tare da ta duba ba. "To ga shi nan. Shi na."

Lauyar ta ce nuni ba ya shiga takarda. Ta sauya tambaya, ko za a samu sauƙi ta wata ƙofar. Ke kika haife shi?

Inna ta gyara bakin mayafinta. "Haka mutane ka cewa."

Duk wanda ya tashi a inda muka tashi ya san wannan amsa, ya san ba musu ba ce. Tafinta ma ya sani, shi ya sa ya dafe kai. Amma rantsuwa na wuyansa, ya fassara yadda aka faɗa. Lauyar ta cire tabarau.

Ban san lokacin da na miƙe daga bayan buhuna ba. "Inna, ke kinka haihe shi! Ki ce ke ta!"

Shi ke nan na ƙarasa ɓata abin. Lauyar ta ce ta ji muryar wani yana gaya wa mai rantsuwa abin da za ta ce, ba za ta iya ci gaba ba. Tafinta ya nemi izini ya yi mata bayanin kunyar ɗan fari, ya daɗe yana yi, har da hannuwa. Ta saurara da kyau, ban ga raini a fuskarta ba ko kaɗan. Ta ce ta fahimta, kuma abin ya burge ta, amma ita aikinta shaida, ba ta iya shaidar abin da ba a faɗa ba. Za ta ba mu wata rana. Idan aka sake haka, sai dai ta rubuta cewa uwa ba ta tabbatar ba.

Na yi fushi, fushi na gaske. Da baƙi suka watse na sami Inna a gindin rumfa tana ware albasar da ta fara ruɓa, na gaya mata maganar da ba a gaya wa uwa. Na ce Baba ya tafi bai gan shi ba, Gwaggo ta tafi ba ta gan shi ba, ita ma so take a gaya masa a waya? Na ce suna ne fa, ba wuta ba ce, ba zai ƙona mata baki ba. Ta ci gaba da jefa albasa, mai kyau dama, ruɓaɓɓiya hagu.

Bayan la'asar Yaya ya kira. Da gangan na buɗe muryar wayar don ta ji, ina tsammanin zai taya ni faɗa.

"Auta, ki bar ta," ya ce. "Abin da ta riƙe tun ba a haihe ki ba, ba ni za ni kwance mata shi ba. Kar ki ƙara matsa mata. Ni nemi wata hanya."

Ni na san babu wata hanya, shi ma ya sani. Inna ta ba mu baya, amma hannunta ya tsaya a cikin albasa.

Da ya kashe wayar, fushina ya riga ya sauka, sai gajiya. Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, ko cikin addu'a ba ki hwaɗin sunanshi?"

"Allah bai san shi ba?" ta ce. "Shi hwa Yab ba ni shi."

Ban taɓa jin ta matso kusa da maganar haka ba. Na sa hannu ina taya ta ware albasa don kada in kore ta.

Washegari ina haɗa kayana na ga ta fito da ƙullin tufafinta. "Tashi mu tahi Birnin Kebbi. Can gidanki aka yin wagga shaida. Ku da ba ku san maƙwabtanku ba, ba wanda za a kora."

Haka Inna take, ko alfarma za ta yi maka sai ta haɗa da rankwashi. Muka shiga mota, ta kama kujerar taga, tun daga Argungu har muka iso tana duba shinkafar mutane a fadama tana faɗin wanda ya yi ƙoƙari da wanda ya yi lalaci.

A gidana akwai bilenda, kuma Inna ta daɗe da yanke mata hukunci. Ta ce miyar da inji ya markaɗa ba ta da rai, kuma ƙararta kamar ana yanka ƙarfe. Don haka na yi mamaki da ta ce in nuna mata inda ake dannawa. Na nuna mata. Daga ranar ba a sake samun zaman lafiya a gidana ba. Ta markaɗa tattasai, ta markaɗa tumatir, ta markaɗa albasar da ta zo da ita tsaraba. Firji ya cika da robobi. Idan aka ɗauke wuta sai ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta tasa bilendar a gaba tana jira. Maigidana ya ja ni gefe ya tambaya ko biki za mu yi ba a gaya masa ba.

Wata rana da hantsi na dawo ɗaukar abin da na manta, na ji ƙarar daga ƙofa. Na leƙa madafa. Inna na tsaye ta ba ni gefen fuska, hannu ɗaya a kan murfin bilenda, ɗaya a kan sanda. Ta danna, ƙara ta tashi, sai na ga bakinta ya motsa. Ta saki, ta numfasa. Ta sake dannawa, bakin ya sake motsawa. Ba na jin komai, amma na san yadda leɓe yake yi idan ana faɗin sunan yayana.

Na koma da baya a hankali har waje. Dariya ta zo mini, kafin ta fito kuka ya riga ta. Tausayinta ya kama ni yadda bai taɓa kama ni ba, na tsaya a bakin ƙofa ina share ido da gefen hijabi, ƙarar na tashi tana sauka a bayana.

Ranar kira na biyu Inna ta yi alwalarta tun da wuri, ta sa atamfar da take ajiya don Sallah. Na kunna kwamfutar a falo, na ajiye takarda da tawada a gabanta, na juya aka ga ɗakin ba kowa.

"To hita," ta ce mini. "Doka ta, ba ni ba."

Na fita na zagaya bayan taga. A waje nake, ban karya dokar kowa ba, kuma wannan karon na yi wa bakina alkawari.

Na ji ta gaisa da lauyar, ta tambaye ta mutanen gida. Na ji ta tambayi tafinta ko ya ga kifi tun rabuwarsu, ya ce ya gani a hoto. Sannan ta ce tana da sharaɗi ɗaya, a ɗebe mata wancan daga gabanta. Lauyar ta yarda. Yaya ya rufe kyamararsa, akwatinsa ya koma baƙi. A wurin Inna wanda ba a gani ya tafi, kuma ba wanda ya tsaya yi mata dogon bayani.

Aka yi kati, aka yi rantsuwa. Aka zo wurin.

"Hajiya, ke kika haife shi?"

"Ni na haihe shi," in ji Inna. "Argungu, ɗakin uwar mijina, da damana. Shekarar da gulbi yac cika har yac ci muna shinkahwa. Ya zaka da gashi cike da kai, ga kuka, duk unguwa ba wanda bai san an haihu ba. Da anka yaye shi anka kai shi wurin gwaggonshi, ni nid ɗaure mishi kayanshi. Ban yi kuka gaban kowa ba."

Ba wanda ya tambaye ta wannan. Tafinta ya bi ta yana fassarawa, muryarsa ta yi ƙasa. Lauyar ba ta katse ta ba, sai da ta kai aya sannan ta yi tambayar da ta rage.

Daga bayan taga har kukan kajin maƙwabta nake ji. Ba wata ƙara da Inna za ta fake a bayanta. Can na ji wani ɗan motsin murya, kamar mai magana da kanta.

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji tafinta, kamar zai nutse. "Ta ce ba ta ji ba. Ki ɗan ɗaga murya."

Na dafe bango. Na ce shi ke nan, yanzu za ta ɗauki sandarta.

Amma Inna hanya ɗaya ta sani ta ɗaga murya da sunan ɗa, ita ce wadda take kirana da ita daga madafa. Haka ta kira shi. Ta ja sunan ta kwaɗa shi, ya fito ta taga ya wuce ni ya tsallake katanga.

Daga cikin baƙin akwatin nan wata murya ta ce, "Na'am."

Bai yi niyya ba, daga baya ya rantse mini bai san ya buɗe baki ba. Mutum mai furfura a gemu, uban yara, yau uwarsa ta fara kiransa.

Tafinta ya yi tari, ya sake yin tari. Na leƙa ta labule na ga lauyar ta cire tabarau tana goge shi, ta daɗe tana gogewa.

"Wa yac ce ka amsa?" in ji Inna. "Da baiwar Allah wagga nika magana."

Ta jawo tawada ta dangwala babban yatsa a inda na nuna mata, ta ɗaga takardar aka gani. Sannan, idonta a kan yatsan tana goge shi da bakin zane, ta ce, "To, tunda ka amsa, sai ka zaka gida."

Takardun sun ɗauki lokacinsu, kamar yadda takardu suka saba. Ana tsakar cire albasa a gonaki Yaya ya iso. Ranar tun asuba Inna ke madafa, ta kori kowa, kuma a turmi ta yi jajjagenta. Da mota ta tsaya a ƙofar gida, mu muka fita da gudu muna ihu, ita kuwa ta shige ɗaki. Ya je bakin ƙofa ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Sai na ji an kwaɗa sunana kamar ina bakin gulbi, alhali ina tsaye a gabanta.

"Tambayi wancan in ya ci abinci."

Na kai masa tuwon a gindin rumfar albasa. Na zauna ina kallonsa yana wanke hannu, na ce, "Yaya, ka ji hwa an koma wancan. Bai yi maka ciwo?"

Ya buɗe kwanon, tururi ya tashi. Kan kifin nan da Inna ba ta ba kowa, shi ne zaune a tsakiyar miyar.

"Sau guda tak kira ni," ya ce, "ga ni na zaka." Ya sa hannu a tuwon.